Rantsuwar Kama Aiki da Amanar Arzikin Ƙasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata muhawara da ke tasowa duk lokacin da aka bankaɗo sabuwar badaƙala a kan dukiyar jama'a. Muhawarar ita ce kiran da wasu 'yan ƙasar nan ke yi cewa a daina rantsar da shugabanni da Alƙur'ani da Baibul, a koma rantsar da su da abubuwan da kakanninmu suke tsoro. A ƙasar Yarbawa ana ambaton Ogun, wanda ake rantsuwa da shi a kan ƙarfe, da Sango mai tsawa. A ƙasar Ibo ana ambaton Amadioha, shi ma mai tsawa. A nan Arewa ma akwai masu tuna mana cewa Bamaguje ba ya kuskura ya rantse da aradu a kan ƙarya, musamman idan damina ta kusa. Hujjar masu wannan kira ita ce, shugabanninmu sun gane cewa Allah Mai haƙuri ne, yana jinkirta wa bawa, saboda haka suke dafa Littafi da safe su sa hannu a kan takardar sata da yamma, alhali da sun san cewa sakamakon zai zo kafin shekara ta zagayo da sun yi hattara.

Ban ga dacewar a yi wa masu wannan magana dariya ba, domin takaici ne ya sa su faɗinta, kuma takaicin na gaskiya ne. Amma ban yarda da maganin da suka kawo ba. A ganina sun ga cewa rantsuwar zamanin kakanni tana da ƙarfi, sai dai sun ɗora ƙarfin a kan abin da ba shi ne tushensa ba.

Ya kamata mu fara da duba abin da shugabanninmu suke rantsewa a kai, domin mafi yawan waɗanda ake mulka ba su taɓa jin ma'anarsa da harshensu ba. Kalmomin suna cikin Jadawali na Bakwai na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Shugaban ƙasa da gwamna kowannensu yana alƙawarin cewa ba zai bar son ransa ya shiga cikin aikinsa ko hukuncinsa ba, zai yi wa kowane irin mutum adalci bisa doka ba tare da tsoro ko son kai ko ƙauna ko ƙiyayya ba, zai bi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, kuma zai yi ƙoƙarin kare manyan manufofin ƙasa da ke Babi na Biyu na Kundin. A cikin wannan babi ne sashe na 16 ya ce a sarrafa dukiyar ƙasa a rarraba ta yadda za ta amfani kowa, sashe na 17 kuma ya ce a hana cin moriyar albarkatun ƙasa ta kowace hanya da ba alherin al'umma aka nufa da ita ba. Magana ce mai daɗin ji. Sai dai sashe na 6 na Kundin nan ya cire wa kotuna ikon bincikar ko gwamnati ta cika abin da ke Babi na Biyu ko ba ta cika ba, sannan sashe na 308 ya sanya wa shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu rigar kariya muddin suna kan kujera. Ke nan mutum yana rantsuwa a kan abin da babu alƙalin da zai tuhume shi a kai, kuma ya san da haka tun kafin ya ɗaga hannu. Wani abin lura kuma shi ne, a cikin rantsuwar akwai alƙawarin ɓoye sirrin ofis, amma babu alƙawarin bayyana wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita. An rubuta ta da Turanci, ana karanta ta da Turanci a gaban manyan baƙi, talakan da aka yi dominsa kuwa yana can bayan shingen jami'an tsaro.

Wanda yake zaune a Jihar Kaduna ba ya bukatar a kai shi nesa kafin ya ga abin da wannan ya haifar. Ana haƙar zinariya a ƙasar Birnin Gwari tun zamanin Turawa, kuma a wannan ƙasa ce aka kwashe shekaru manoma ba sa iya zuwa gonakinsu, hanyar da ta haɗa garin da Kaduna ta zama abin fargaba ga direba da fasinja. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar gano ƙarfen nikel mai kyau a Dangoma cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, aka yi ta murna a jaridu. Akwai duwatsu masu daraja a wannan yanki na Jama'a, akwai tama a ƙasar Kagarko, ga dajin Kamuku, ga Kogin Kaduna da fadamunsa. A Nok, cikin ƙasar Jaba, masu haƙar kuza ne suka fara tono mutum-mutumin yumɓun da ya sa duniya ta san sunan ƙauyen, kuma da yawa daga irin waɗannan kayan tarihi an yi fasa-ƙwaurinsu zuwa Turai. Tambayar da nake so kowane mai karatu ya yi wa kansa ita ce, a cikin mazauna waɗannan wurare mutum nawa ne suka san sunan wanda ke riƙe da lasisin haƙar ƙasar da suke takawa, ko nawa ya biya, ko ina kuɗin ya shiga? Sashe na 44 na Kundin ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 kuma ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Kalmar amana tana nan a rubuce, kuma wanda aka ba amana wajibinsa ne ya riƙa yi wa masu ita bayani.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun biya farashin da ya fi namu tsada. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF ne suka ankarar da duniya. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, wadda ke iyaka da mu. Zinariyar da aka fitar daga waɗannan ƙauyuka ta bi ta hannun dillalai ta tafi kasuwannin waje, iyayen yaran kuwa aka bar su da kaburbura da ƙasa mai guba. Duk jami'in da ke da alhakin sa ido a kan wannan harka, daga Abuja har zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, ya yi rantsuwar kama aiki.

To mene ne ya sa rantsuwar zamanin kakanni take da kaifi? Ba na musun cewa mutane sun yi imani da abin da suke rantsuwa da shi, kuma tsoro yana aiki a zuciyar wanda ya yi imani. Amma idan aka duba yadda ake gudanar da ita za a ga wasu abubuwa da suka fi tsoron gunki tasiri. Ana yin ta a kan magana guda, sananniya: wannan gona ta ubana ce, ban taɓa akuyar wane ba, ban zuba wa kogi guba ba. Ana yin ta a bainar jama'a, a gaban mutanen da suka san mai rantsuwar tun yana yaro, suka san gonarsa da rumbunsa da abin da zai iya mallaka da guminsa. Ana faɗin sakamakon karya ta da bakin mai rantsuwar kansa, a sa wa'adi, gari duka ya zuba ido. Idan kuwa ƙarya ta bayyana, jama'a ba sa zaman jiran tsawa. Za a ƙi aurar masa da 'ya, a ƙi cin abinci da shi, a ƙi amsa gayyarsa ranar noma, zuriyarsa ta gaji abin kunyar. A ƙauyen da rayuwar kowa ta rataya a kan ta ɗan'uwansa, wannan hukunci ya isa ya durƙusar da mutum. Har a zamanin nan Kotun Ƙoli ta Najeriya ta taɓa amincewa da sulhun gargajiya da aka yi ta hanyar rantsuwa a rikicin fili, inda ɓangarorin biyu suka yarda da kansu cewa wanda ya rantse ya kuma wuce wa'adin da aka sa shi ne mai gaskiya.

Sarakuna ma ba su tsira daga wannan tsari ba. A tsohuwar daular Oyo, idan Alafin, wato sarkin Oyo, ya wuce gona da iri, majalisar Oyo Mesi ƙarƙashin Bashorun tana aika masa da ƙwaryar da babu komai a ciki ko ƙwan aku, ma'ana jama'a da magabata sun ƙi shi, kuma daga ranar mulkinsa ya ƙare. A ƙasar Asante ta Gana har yau ana tuɓe basaraken da ya karya rantsuwar da ya yi ranar naɗinsa, kuma sayar da ƙasar al'umma ba bisa ƙa'ida ba yana cikin laifuffukan da ke jawo hakan. A ƙasar Hausa kuwa an raba amanar albarkatu a hannun mutanen da kowa ya san ƙofar gidansu. Sarkin ruwa ne ke faɗin lokacin da za a shiga su da lokacin da za a bar kifi ya hayayyafa, kamar yadda har yanzu ake hana kamun kifi a Matan Fada ta Argungu sai lokacin biki. Sarkin daji ya san kurmin da ba a sara, mai unguwa ya san iyakar kowace gona, burtali da mashaya kuma sanannu ne ga manomi da makiyayi. A kudancin jihar nan, al'ummomi irin su Atyap da Bajju da Ham suna da tsarinsu na dattawa da ke tsare kurmi da hukunta mai keta doka. Duk inda aka duba za a tarar da cewa a bayan rantsuwar akwai mutane masu ido da kunne, kuma masu ikon ɗaukar mataki.

Idan aka cire waɗannan mutane aka bar tsoro kaɗai, abin da ke biyo baya mun gan shi. A watan Agusta na 2004 'yan sanda suka kai samame wuraren tsafin Okija a Jihar Anambra, suka tarar da gawarwaki da ƙoƙunan kan mutane masu yawa, kuma a lokacin ne ƙasa ta ji yadda ake kai 'yan siyasa can domin su rantse. Abin da ake rantsar da su a kai shi ne biyayya ga ubangidan da ya ɗauki nauyin takararsu, wato alƙawarin buɗe masa baitulmalin jiha. Rikicin da ya dabaibaye gwamnatin Anambra daga 2003, har aka kai ga sace gwamna mai ci na wasu sa'o'i, daga irin wannan ƙulli ya samo asali. A Jihar Edo kuma masu safarar 'yan mata zuwa Italiya sun daɗe suna kai su gaban bokaye, a yanki gashinsu da farcensu, a rantsar da su cewa ba za su gudu ba kuma ba za su tona asiri ba har sai sun biya bashin da aka ɗora musu. Sai da Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara bokayen a fadarsa a watan Maris na 2018 ya warware waɗannan rantsuwoyi a bainar jama'a. Mu ma a nan ba mu manta da shan gwaska ba, inda ake ɗura wa wanda ake zargi ruwan ɓawon itace mai guba, idan ya amayar a ce ya kuɓuta, idan ya mutu a ce laifinsa ne ya ci shi, alhali wanda ya haɗa ruwan ne ya san adadin da ya zuba. Mai tsaron gunki mutum ne, yana jin yunwa, yana karɓar kyauta. Wanda ya iya sayen jami'in zaɓe da mai binciken kuɗi ba zai gagara sayen boka ba.

Bayan wannan akwai batun aƙida, wanda ba zan ɓoye shi ba. Ni Musulmi ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda zai yi rantsuwa ya rantse da Allah ko ya yi shiru. Ba zan yarda a tilasta wa Musulmi ya rantse da aradu ko ƙarfe ba, kuma na san 'yan'uwanmu Kiristoci na Kafanchan da Kagoro da Sabon Tasha ba za su yarda ba, su da Linjila ta koya musu cewa i ɗinsu ya zama i, a'a ɗinsu ya zama a'a. Wanda addininsa na gargajiya ne yana da 'yancin ya rantse da abin da ya yi imani da shi, domin sashe na 38 na Kundin ya kare 'yancin addinin kowa, kuma raina shi a kan haka zalunci ne. Amma jihar da ta sha wuya irin wadda Kaduna ta sha a rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011 ba ta bukatar a ƙara buɗe mata wata ƙofar jayayya a kan abin bauta.

Masu cewa Littattafan nan biyu sun gaza sun yi musu rashin adalci, domin ba a taɓa aiki da abin da ke cikinsu a kan wannan batu ba balle a ce sun gaza. Tarihin Kano ya ba da labarin Dirki, wanda asalinsa Alƙur'ani ne da aka naɗe da fatu, aka riƙa ƙara masa fata a kan fata ana yanka masa shanu, har aka wayi gari babu mai karanta shi, sai dai a kai masa hadaya domin neman tsari. Ina ganin abin da muka mayar da Littafi ke nan a ranar rantsarwa: ana riƙe shi a rufe, a ɗauki hoto, a mayar da shi cikin jaka. Da an buɗe shi da an tarar da umarnin Suratun Nisa'i cewa a mayar da amana ga masu ita, da gargaɗin Suratun Nahli cewa kada a mayar da rantsuwa hanyar yaudarar juna. Da an buɗe Baibul da an tarar da labarin Sarki Ahab da gonar inabin Nabot, da abin da Annabi Iliya ya faɗa wa sarkin da ya ƙwace gadon talaka.

A kan ma'adinai kuwa shari'ar Musulunci ta yi magana dalla-dalla. Wani sahabi mai suna Abyad ɗan Hammal ya roƙi Annabi ya ba shi wurin haƙar gishiri a Ma'arib, aka ba shi. Sai wani daga cikin mahalarta majalisin ya ce abin da aka ba shi tamkar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa, nan take Annabi ya karɓe kyautar. Wani hadisin ya ce mutane abokan tarayya ne a cikin ruwa da makiyaya da wuta. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a ƙasar nan, sun tafi a kan cewa al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba ne ya sarrafa shi domin maslahar jama'a, ba domin kansa ko makusantansa ba. Sannan ga labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Abin da nake so a lura da shi shi ne, an yi wa wannan ma'aikaci lissafi ne a ranar da ya dawo, kuma a gaban jama'a, ba a ce a bar shi da Allah ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki da ƙwace dukiyar talakawa a cikin laifuffukan da ya tuhumi sarakunan zamaninsa da su. Saboda haka tsoron Allah da binciken mutane tare suke tafiya tun asali, mu ne muka raba su, muka riƙe sunan na farko muka yi watsi da na biyu.

Akwai ƙasar Afirka da ta gwada riƙe tsohon tsarin bainar jama'a a cikin sabuwar gwamnati, kuma ya kamata mu san labarinta. Botswana ta sami 'yanci a 1966 tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, aka gano lu'ulu'u a Orapa a 1967. Shugabanta na farko, Seretse Khama, ɗan sarautar ƙabilar Bangwato ne, kuma a ƙasar ƙabilarsa arzikin yake, amma shi ne ya jagoranci mayar da haƙƙin ma'adinai daga hannun ƙabilu zuwa hannun ƙasa baki ɗaya. Aka zuba kuɗin a makarantu da asibitoci da hanyoyi, aka kuma ci gaba da taron dandalin gari da suke kira kgotla, inda minista ke tsayawa a gaban talakawa ya amsa tambaya. Suna da nasu matsalolin, amma babu wanda ya rantsar da su da tsawa kafin su kai inda suka kai.

Adalcin rabo kuma yana bukatar mu 'yan Arewa mu faɗa wa kanmu gaskiya. A ƙarƙashin tsarin mulkin 1960 da na 1963, yankin da aka haƙo ma'adinai a cikinsa yana samun rabin kuɗin da aka karɓa a kansu, kuma a wancan zamani Jihar Arewa tana gina kanta da kuɗin gyaɗa da auduga da kuza. Yau sashe na 162 ya tanadi aƙalla kashi 13 cikin 100 ga jihar da aka samo albarkatun daga cikinta. An gano man fetur a Oloibiri ta yankin Neja Delta a 1956, kuma rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 ya ce gyara ƙasar Ogoni, wadda malalar mai ta gurɓata a wannan yanki, zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Bai kamata mu yi ƙyashin abin da ake ba mutanen da aka lalata musu ruwan sha da wurin kamun kifi ba, musamman tun da an ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a watan Nuwamba na 2022, kuma abin da muka yarda a yi wa Ogoni shi za a yi wa namu. Sai dai su ma mutanen Neja Delta suna tambayar gwamnoninsu ina kashi 13 ɗin ya shiga, kamar yadda muke tambayar namu ina kason da ake karɓowa daga Asusun Tarayya kowane wata yake tafiya, musamman bayan ƙaruwar da ya yi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ɗan Ogoni da ɗan Birnin Gwari ƙorafinsu ɗaya ne, kuma masu amfana da rabuwar kansu su ne waɗanda ba sa son a yi lissafi.

Abin da nake kira a yi ba ya bukatar a jira gyaran Kundin Tsarin Mulki. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna tana iya yin doka cewa bayan rantsuwar da Kundi ya tanada, gwamna da kwamishinoni da shugabannin ƙananan hukumomi 23 za su maimaita ma'anarta da Hausa da harshen yankinsu a fili buɗaɗɗe, su kuma ƙara da alƙawura ƙayyadaddu waɗanda za a iya aunawa: cewa za su liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar sakatariya kowane wata, a karanta shi a rediyo, kuma ba su da hannun jari a kamfanin haƙar ma'adinai ko na kwangila, su ko iyalansu. Wannan ya ƙara zama wajibi tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, domin idan kuɗi ya sauko kusa da jama'a ba tare da idon jama'a ba, wurin satar ne kawai aka sauya. Takardar bayyana kadarori da ake miƙa wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kuma a daina kulle ta a durowa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana tasa ga duniya a 2007 ba tare da an tilasta masa ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba.

A wuraren haƙa kuwa doka ta riga ta ba mu makami, rashin sani ne ya hana mu ɗauka. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk bayan shekara biyar. Sau da yawa mutum uku ko huɗu ne ke sa hannu a kan irin wannan takarda a ɗakin otal a Kaduna ko Abuja, sauran gari su ji labari ranar da motocin haƙa suka iso. A nan ne ya kamata a dawo da tsarin kakanni. A karanta yarjejeniyar da harshen mutanen garin a ƙofar gidan dagaci, a gaban liman da fasto da dattawan gargajiya, da mata waɗanda su ne ke ɗebo ruwan da za a gurɓata, da matasa, da arɗon Fulanin da ke shayar da shanu a rafin. A faɗi rijiya nawa, aji nawa, wa zai cike ramuka idan an gama, kuma a wace shekara. Wakilin kamfani da basarake da shugaban ƙaramar hukuma kowa ya rantse da abin da ya yi imani da shi a kan waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, a ajiye kwafi a masallaci da coci da makarantar gari. Idan wa'adi ya cika a sake taruwa a wuri ɗaya a karanta. Basaraken da aka samu ya sayar da burtali ko kurmi ko ya karɓi na goro ya rufe baki, masarauta ta tuɓe rawaninsa. Kamfanin da ya saɓa, jiha ta kai ƙararsa a nemi soke lasisinsa. Malamai da fastoci kuma su daina karɓar gudummawar ginin wurin ibada daga hannun wanda gari ya shaida ya ci amana, domin ranar da aka ba shi sahun gaba aka yi masa addu'a ta musamman, ranar ce aka koya wa yaran garin cewa rantsuwa wasa ce.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina da roƙo gare ku kai tsaye. Ku fassara rantsuwar kama aiki ta gwamna da ta ɗan majalisa zuwa Hausa, ku buga su cikakku a shafi guda domin a karanta a majalisun unguwa da makarantun dare. Ku yi amfani da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ku nemi jerin masu lasisin haƙar ma'adinai a Jihar Kaduna daga ofishin da ke rajistarsu a Abuja, tare da rahotannin da NEITI, hukumar bin diddigin kuɗin mai da ma'adinai, ke fitarwa a kan kuɗin da ake biya, ku buga su ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Sannan ku tura wakilanku Birnin Gwari da Dangoma da Kagarko su tambayi mutanen wurin ko an taɓa karanta musu wata yarjejeniya, kuma wa ya sa hannu da sunansu.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna